Makaɗa biyu, takarda ɗaya: iyakar abin da fasaha ke iya yi tsakanin Yahudawa da Larabawa a jami'a

A daminar 1999 an tara matasan makaɗa daga Isra'ila, Falasɗinu, Masar, Siriya, Labanan da Jodan a garin Weimar na ƙasar Jamus, don su yi makonni suna koyon kiɗa tare. Mutum biyu ne suka kira taron. Ɗaya shi ne Daniel Barenboim, Bayahude, gwanin fiyano kuma madugun makaɗa, wanda aka haifa a Ajantina a 1942 ya girma a Isra'ila. Ɗayan kuwa Edward Said ne, Bafalasɗine haifaffen Birnin Ƙudus, farfesan adabi a Jami'ar Columbia da ke New York. Ba a yi nisa ba rigima ta tashi, kuma ba a kan ƙasa ko iyaka ba. Wasu 'yan Larabawa suna kaɗa nasu na gida da dare, wani ɗan Isra'ila ya zo zai sa hannu, sai wani ɗan Labanan ya taka masa burki, ya ce kiɗan Larabawa sai Balarabe. Kamar yadda Said ya ba da labarin daga baya, Barenboim ya juya kan ɗan Labanan ɗin da tambaya: to kai wa ya ba ka izinin kaɗa Beethoven, alhali ba Bajamushe ba ne? Bayan kwana goma sai ga yaron nan da ya ce kiɗan na Larabawa ne kaɗai yana koya wa shahararren makaɗi Yo-Yo Ma yadda ake saita tsirkiya ta dace da sautin Larabawa.

Masu neman tallafi suna son wannan labari, don yana da farko mai ɗaci da ƙarshe mai daɗi. Ni abin da ya fi ja mini hankali a cikinsa shi ne ƙanƙantar abin da ya sauya. Yaron bai canza ra'ayinsa a kan 1948 ba, shekarar da aka kafa Isra'ila kuma Falasɗinawa masu yawa suka rasa gidajensu, bai yafe mamayar da Isra'ila ta yi wa kudancin Labanan ba, wadda a lokacin tana nan daram. Ya dai yarda cewa wani na iya koyon abin da yake ganin nasa ne. Duk maganar haɗa Yahudawa da Larabawa ta hanyar kiɗa, wasan kwaikwayo, zane da ɗaukar hoto a manyan makarantu tana rataye ne a kan wannan tambaya: ɗan ƙaramin sauyin nan, nawa ne darajarsa, kuma wa ke biyan kuɗinsa?

Sai an san yadda ake tashi a Isra'ila kafin a gane dalilin da ya sa jami'a ta zama filin wannan gwaji. Larabawa 'yan ƙasa sun kai kimanin kashi 21 cikin 100 na jama'ar Isra'ila, wato wajen mutum miliyan biyu. Amma makarantun gwamnati a rabe suke tun daga firamare: akwai na Ibrananci, akwai na Larabci. Yawancin garuruwa ma a rabe suke. Yaro zai iya girma a Ummul Fahm, wani a Hadera, tafiyar da ba ta kai awa guda ba, su gama sakandare ba su taɓa zama aji ɗaya da ɗan wancan ɓangaren ba. Makarantu masu harshe biyu irin na ƙungiyar Yad be Yad, wadda ta fara a 1998, ba su taka kara sun karya ba wajen yawa, kuma ko su ba su tsira ba: a Nuwambar 2014 masu tsattsauran ra'ayi sun cinna wa reshenta na Ƙudus wuta. Saboda haka ga mafi yawan matasa, ɗakin lacca shi ne wuri na farko da za su yi shekaru uku suna ganin juna kullum. Yawan ɗalibai Larabawa a manyan makarantun ƙasar ya ninka a cikin shekara goma da suka biyo bayan 2010, kuma a Jami'ar Haifa sun kai wajen kashi 40 cikin 100.

Sai dai haɗuwar ba ta tsara da tsara ba ce. Ɗalibi Balarabe kan shigo yana ɗan shekara 18 ko 19, kai tsaye daga gaban iyayensa. Abokin zamansa Bayahude ya riga ya yi shekara biyu ko kusan uku a soja, galibi ya ɗan yi yawon duniya, ya shigo yana da 23 ko fiye. Da Ibrananci ake koyarwa, harshen uwa ga ɗaya, harshe na biyu ga ɗayan, kuma babu jami'a ko guda a Isra'ila da ke koyarwa da Larabci, sai dai kwalejojin horar da malamai. A 2018 majalisar dokoki ta zartar da dokar da ta sauke Larabci daga matsayin harshen hukuma. Idan ka zaunar da waɗannan biyun ka ce su "tattauna", ka riga ka san wanda zai fi baki. Ba don ya fi hujja ba, don a harshensa ake gardamar.

Daga nan ne masu fasaha suka samu ƙofa.

A 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Harvard, Gordon Allport, ya kawo ra'ayin da har yau kusan duk shirin sasanta al'ummomi ke dogara da shi. Ya ce cuɗanya tana rage ƙiyayya, amma da sharuɗɗa: ɓangarorin su haɗu a matsayi ɗaya, su kasance da buri guda, su buƙaci juna kafin su cim ma burin, kuma hukuma ta mara wa abin baya. In babu waɗannan, zo mu zauna ya zama zo mu saɓa. A 2006 Thomas Pettigrew da Linda Tropp sun tattara bincike 515 a kan wannan batu, suka ga cewa a dunƙule cuɗanya tana aiki. Abin da ya sa ƙungiyar makaɗa ta dace da sharuɗɗan Allport fiye da zauren muhawara a fili yake ga duk wanda ya taɓa kallon yadda masu gogen Turawa ke zama. Bibbiyu suke, takardar kiɗa ɗaya a gabansu, ɗaya yana juya shafi saboda ɗayan. Dole su ja baka a lokaci guda, su saurari numfashin juna. In ɗaya ya yi kuskure, kunyar ta su biyu ce. Ba a tambayar fasfo wajen raba kujera. Wanda hannunsa ya fi faɗawa shi ke gaba. Ibrananci ba ya ba kowa fifiko, don tsirkiya ba ta jin yare. Na awa uku ko huɗu a rana, ɗan Nazarat na iya zama shugaban ɗan Tel Aviv, kuma na Tel Aviv ɗin ya bi ba tare da an roƙe shi ba. A ƙasar da wannan jerin ba kasafai yake juyewa ba, ba ƙaramin abu ba ne.

Wasan kwaikwayo yana yin wani abu dabam, mai haɗari fiye da kiɗa, domin yana da kalmomi. A gidan wasan Larabci da Ibrananci na Yafa, wanda ya fara a 1998, ƙungiyoyi biyu ke raba dandali ɗaya, wani lokaci kowa da nasa wasa, wani lokaci tare da harsuna biyu. Ɗalibin da aka ba shi matsayin sojan shingen bincike alhali shi ne aka saba tsayarwa, ko ɗalibar da ta yi soja aka ce ta fito a matsayin tsohuwar da aka kora daga ƙauyenta, ba za su iya ɓuya a bayan sauti ba. A cibiyar Givat Haviva, wadda ta samu lambar yabon UNESCO ta ilimin zaman lafiya a 2001, an daɗe ana ba matasan ɓangarorin biyu kyamara, a tura su gidajen juna su ɗauko hoto. Dabara ce mai sauƙi: kafin ka ɗauki hoton kakar wani sai ka shiga ɗakinta, ka sha shayinta, ka nemi izininta.

To amma tasirin yana fita daga ɗakin atisaye ya bi mutum har gida? Amsa mafi tsabta da na sani ba daga kiɗa ta fito ba, daga ƙwallon ƙafa ne, kuma daga Iraƙi. Wata mai bincike, Salma Mousa, ta shirya gasa tsakanin Kiristocin da 'yan IS suka raba da gidajensu a arewacin ƙasar. Wasu ƙungiyoyi ta ƙara musu 'yan wasa Musulmi uku, wasu ta bar su Kiristoci zalla. Sakamakon da ta wallafa a 2020 ya nuna cewa waɗanda suka buga tare da Musulmi sun fi yarda su ci gaba da atisaye da su bayan watanni, sun fi zaɓen Musulmi a kyautar ɗan wasa mai ladabi. Amma da aka gwada su da baƙin Musulmi, kamar zuwa cin abinci a Mosul ko halartar taron da ya haɗa kowa, babu wani bambanci. Sun so abokan wasansu, ba su so jama'ar abokan wasansu ba. Ina ganin duk mai shirya ƙungiyar mawaƙa ta haɗin gwiwa a jami'a ya kamata ya rataye wannan sakamako a bangon ofishinsa. "Ahmad mutumin kirki ne, ba kamar sauran ba" jimla ce da ba ta rushe ƙiyayya, gyara mata zama take yi.

Akwai kuma wani kuskure da ke cikin sunan abin kansa. Idan aka ce "Yahudawa da Larabawa", sai a ɗauka koguna biyu ne da ba su taɓa haɗuwa ba, fasaha ce za ta gina gada. Tarihin kiɗa ya ƙaryata haka. A babban taron kiɗan Larabawa da aka yi a Alƙahira a 1932, kusan duk masu kayan kiɗan da suka wakilci Iraƙi Yahudawa ne. Mawaƙin, Muhammad al-Ƙubbanci, shi ne Musulmi. 'Yan'uwa biyu, Salih da Dawud al-Kuwaiti, su suka kafa ƙungiyar makaɗan gidan rediyon Bagadaza a 1936. Da Yahudawan Iraƙi kimanin 120,000 suka bar ƙasar a 1950 da 1951, 'yan'uwan biyu su ma suka bi, suka sauka a Isra'ilar da ke ganin kiɗansu kiɗan abokan gaba ne. Mutanen da sarki ke aika wa mota suka koma tsare shagon kayan girki a wata unguwar talakawa ta Tel Aviv. A can Bagadaza kuma aka ci gaba da sa waƙoƙinsu, aka goge sunayensu. An yi musu biyu babu. Don haka ɗalibar da kakanta ya zo daga Bagadaza ko Kasabalanka, idan ta zauna koyon ud, molon nan na Larabawa, ba gada take tsallakawa zuwa wurin baƙi ba, kayan gidansu take karɓowa, sau da yawa daga hannun malami Bafalasɗine.

Wannan ne ya sa nake ganin sashen kiɗan Gabas na Kwalejin Kiɗa da Rawa ta Ƙudus, wanda Taiseer Elias, gwanin ud daga Shafa Amr, ya jagoranta tun shekarun 1990, ya fi shirye-shiryen "zaman tare" da yawa amfani, duk da ba a kafa shi da sunan sulhu ba. A can Balarabe ne mai ilimin, kuma ilimin ba na wasa ba ne. Kiɗan Larabawa yana tafiya ne a kan maƙamai, Bayati, Rast, Hijaz, Saba da sauransu, waɗanda duk mai sauraron ƙira'ar alarammomin Masar ya san daɗinsu ko bai san sunayensu ba. A cikinsu akwai sautukan da ke faɗowa tsakanin maɓallan fiyano biyu, fiyano ba ta da su sam. Wanda aka rena da kiɗan Turai sai ya sake horar da kunnensa daga tushe, ya yarda cewa abin da ya ɗauka kuskure ne daidai ne. Ɗalibi ne na gaske, ba mai ziyarar ban girma ba. Simon Shaheen, ɗan Tarshiha da ya yi karatu a wannan kwaleji kafin ya koma New York a 1980, ya kai irin wannan koyarwa Amurka, inda ya shekara da shekaru yana tara ɗalibai a Kwalejin Mount Holyoke duk bazara, kowa da addininsa, abin da ya tara su maƙami ne.

Yanzu ga masu suka, kuma ba su da sauƙin turewa.

A Ibrananci ana kiran zaman tare "du-kiyum", a Larabci "ta'ayush". Da yawa daga cikin Falasɗinawan Isra'ila sun gaji da kalmar. Suna yi mata kirari da zaman taren hummus, abincin nan na niƙaƙƙen wake: a zo ƙauyenku ran Asabar, a ci waken, a yaba karamcinku, a koma gida, filin da aka ƙwace yana nan a ƙwace. Wasu sukan ce ai doki da mahayinsa ma zaman tare suke. A Gaɓar Yamma da Gaza kalmar da ake amfani da ita ta fi zafi: "taɗbi'i", wato mayar da abin da ba daidai ba ya zama kamar ruwan sha. Ƙungiyar Falasɗinawa mai kiran a ƙaurace wa Isra'ila a fagen ilimi da al'adu, wadda aka kafa a Ramallah a 2004, ta fito a 2010 ta ce ƙungiyar makaɗan Barenboim da Said, wadda ta samo asali daga taron Weimar, ta faɗa cikin wannan rukuni. Hujjarsu ita ce hoton Bayahude da Balarabe suna kaɗa goge kafaɗa da kafaɗa yana gaya wa Bature cewa matsalar rashin fahimtar juna ce tsakanin mutane biyu masu ƙarfi ɗaya, alhali ɗaya ne ke riƙe da shingen, ɗayan ke tsaye a layi. Matar marigayi Said, Mariam, ta mayar da martani cewa mijinta bai taɓa ganin sanin abokin hamayya a matsayin miƙa wuya ba. Ba a daidaita ba har yau.

Masu wannan suka suna da kabarin da suke nunawa. Asil Asla, ɗan shekara 17 daga Arraba, yana cikin fitattun matasan shirin Seeds of Peace, mai kai yaran ɓangarorin biyu sansani a jihar Maine ta Amurka. A Oktoban 2000 'yan sandan Isra'ila suka harbe shi a ƙauyensu, yana sanye da koriyar rigar shirin. Yana cikin mutum 13 da aka kashe a kwanakin zanga-zangar Larabawan Isra'ila na wannan wata. Hukumar bincike ta alƙali Or ta soki 'yan sanda a rahotonta na 2003, amma ba a gurfanar da kowa ba. Abokansa Yahudawa sun yi kuka na gaskiya. Kukan bai kai kowa kotu ba.

Ifat Maoz ta Jami'ar Ibrananci, wadda ta shafe shekaru tana nazarin irin waɗannan haɗuwa, ta kasa su gida huɗu: masu neman jituwa su kauce wa siyasa, masu haɗa kai a kan aiki guda, masu tunkarar rikicin gaba da gaba, da masu ba da labarin rayuwa. Yawancin shirye-shiryen fasaha suna faɗawa gida na biyu, kuma rauninsu shi ne ana iya gama su lafiya lau ba a taɓa ƙurjin ba. Makarantar Zaman Lafiya ta ƙauyen Wahat al-Salam, ko Neve Shalom, wadda ta fara a 1979 kuma ta yi kwasa-kwasai tare da jami'o'i, ta zaɓi gida na uku da gangan. Ta lura cewa buƙatun ɓangarorin ba ɗaya ba ne: Yahudawa kan zo suna son a san su a matsayin mutane, a yi abota, Larabawa kan zo suna son a yi maganar ƙasa da haƙƙi. Duk shirin da ya ce "mu bar siyasa a waje" ya riga ya zaɓi ɓangare, ko bai sani ba.

A nan ya kamata a yi wa Barenboim adalci, don bai taɓa sayar da kitse a wurin rogo ba. Ya sha faɗa cewa ƙungiyarsa ba za ta kawo zaman lafiya ba, yaƙi take da jahilci. Sunanta ma, West-Eastern Divan, daga diwanin waƙoƙin da marubucin Jamus Goethe ya fitar a 1819 aka ɗauko shi, wanda ya rubuta bayan ya karanta Hafiz na Farisa. Diwani dai kamar yadda muka san kalmar. A Weimar an kai matasan sansanin Buchenwald da ke bayan gari, inda 'yan Nazi suka tsare suka kashe dubban mutane, Said kuma yana jagorantar gardama da dare. Daga 2002 gwamnatin yankin Andalus na ƙasar Sifaniya ta ba su masauki a birnin Sabiliya. Ranar da ta fi kowace a tarihinsu ita ce ta wasan Ramallah a Agustan 2005, kuma yadda aka yi shi ya isa sharhi. Doka ta hana 'yan Isra'ila shiga Ramallah, 'yan Siriya da Labanan kuma ba za su iya bi ta hannun Isra'ila da fasfonsu ba. Sai da gwamnatin Sifaniya ta ba makaɗan fasfon diflomasiyya. Wasu suka shigo ta Jodan, 'yan Isra'ila aka kawo su cikin rakiya, suna gama kiɗa aka fice da su. Shekara guda bayan haka yaƙin Labanan ya ɓarke, da yawa daga makaɗan Labanan da Siriya ba su zo ba. Tun daga nan mafi yawan wasanninsu a Salzburg, Lucerne, Landan, Berlin da Buenos Aires ake yi. Inuwar giginya ce, na nesa ka sha.

A 2016 aka mayar da gwajin makaranta sosai. Kwalejin Barenboim-Said tana tsakiyar Berlin, a tsohon ma'ajin kayan dandalin gidan opera na gwamnati, da zauren kiɗa mai siffar ƙwai wanda Frank Gehry ya zana aka buɗe a 2017. Tana ɗaukar ɗalibai har 90, yawancinsu daga Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka, gwamnatin Jamus ke ɗauke da mafi yawan nauyin. Abin da ya bambanta ta da sauran makarantun kiɗa shi ne dole ɗalibi ya yi falsafa, tarihi da adabi tare da gogensa. Wato an amsa sukar Maoz a cikin manhaja: kiɗa kaɗai bai isa ba, sai an yi magana, kuma shekara huɗu, ba mako biyu ba. Harshen karatu Turanci ne, wanda ba na kowa ba ne a cikinsu. Daidaiton da ya gagara a Haifa an same shi, amma sai da aka yi tafiyar kusan kilomita 3,000 daga gida. Akwai wata makarantar mai ɗauke da sunan Said, wato kwalejin kiɗa ta ƙasa da ke ƙarƙashin Jami'ar Birzeit, mai rassa a Ramallah, Ƙudus, Baitalami, Nablus da Gaza. Ita ba don haɗa kowa da kowa aka gina ta ba, don yaron Falasɗinu ya samu malamin kiɗa a garinsu ne. Mutum ɗaya, gado biyu, kuma magadan ba koyaushe suke ga maciji ba.

A jami'o'in Amurka matsalar ta ɗan sha bamban. Ɗaliban ba sa tsoron shingen soja; abin da ake tsoro shi ne masu ba da gudummawa, 'yan majalisa da jaridu. A 2006 wata ɗaliba 'yar Isra'ila a Jami'ar Brandeis ta shirya baje kolin zanen yaran sansanin 'yan gudun hijira na Aida da ke kusa da Baitalami. Bayan kwana huɗu hukumar jami'ar ta sauke zanen, ta ce ɓangare ɗaya ya nuna. Aka kwashe su zuwa jami'ar fasaha ta MIT. A ƙarshen 2023 Jami'ar Indiana ta soke baje kolin ayyukan Samia Halaby, tsohuwar ɗalibarta mai shekara 87, wanda aka shekara uku ana shiryawa, da sunan tsaro, duk da zanen nata launuka ne da siffofi, babu tuta babu taswira. Wannan shi ne tarkon "daidaito": ana maraba da Bafalasɗine muddin ya zo riƙe da hannun Bayahude, in ya zo shi kaɗai ya zama matsala. A ɗaya gefen kuma, rahoton da Harvard ta fitar a 2025 ya kawo koken ɗalibai Yahudawa da 'yan Isra'ila da abokan karatu suka juya musu baya, ba don abin da suka faɗa ba, don inda suka fito. Rahoton da ya fito tare da shi a rana ɗaya ya kawo koken Musulmi da Larabawa masu tsoron buɗe baki. Inda aka ɗan ga haske shi ne Kwalejin Dartmouth, inda Susannah Heschel ta sashen nazarin Yahudanci da Tarek El-Ariss na sashen Gabas ta Tsakiya suka tara ɗaruruwan ɗalibai a zaure ɗaya kwanaki kaɗan bayan harin Hamas na 7 ga Oktoban 2023. Sirrin ba wani abin mamaki ba ne: sassan biyu sun daɗe suna koyarwa tare. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar 7 ga Oktoban 2023 Hamas ta kashe kimanin mutum 1,200 ta kama wajen 250. Cikin waɗanda aka kashe akwai Vivian Silver ta ƙauyen Be'eri, wadda ta ƙarar da rayuwarta a aikin haɗa ɓangarorin biyu, tana ɗaukar marasa lafiyar Gaza a motarta zuwa asibitocin Isra'ila. Yaƙin da ya biyo baya ya kashe dubun-dubatar Falasɗinawa, ya rusa ko ya lalata dukkan jami'o'in Gaza. Ginin Jami'ar Al-Isra sojoji ne suka tarwatsa shi da nakiya a Janairun 2024. A cikin Isra'ila an ɗage buɗe zangon karatu har ƙarshen Disamba saboda ɗalibai da yawa an kira su fagen daga. Da aka dawo, wasu da bindiga a kafaɗa suka shigo aji. Cibiyar lauyoyi ta Adalah ta ce fiye da ɗalibai Larabawa 100 ne makarantunsu suka tuhuma saboda abin da suka rubuta a shafukan sada zumunta, kuma Bezalel, kwalejin zane mafi daɗewa a ƙasar, wadda aka kafa a 1906, tana cikin waɗanda suka dakatar da ɗalibai. Sau da yawa abokan aji ne suka kai ƙara. A Netanya gungun mutane sun kewaye ɗakin kwanan ɗalibai suna ihun a kashe Larabawa, sai da 'yan sanda suka fitar da yaran. Sharaɗin Allport na huɗu, goyon bayan hukuma, shi ne ya fara karyewa, kuma da ya karye sauran ukun ba su iya riƙe rufin ba. Ɗalibar da ta ga an kori ƙawarta saboda ayar da ta liƙa a shafinta ba za ta zo ajin wasan kwaikwayo ta buɗe zuciyarta ba. Za ta zo, ta yi shiru, ta karɓi makinta.

Hukuncina a kan lamarin bai kai na masu tallata shi zaƙi ba, bai kuma kai na masu ƙauracewa ɗaci ba. Inda aikin na gaske ne, mai jarrabawa da maki, inda Balarabe ke iya zama malami ba baƙon da aka gayyato ya ƙawata hoto ba, inda aka yarda a kira 1948 da sunayenta biyu, 'yancin kai a wurin Yahudawa, Nakba, wato masifa, a wurin Falasɗinawa, kuma shugaban makaranta zai tsaya wa ɗalibinsa ran da jarida ta taso shi, ana samun mutanen da ba za a iya yi musu ƙarya a kan juna cikin sauƙi ba. Ba su da yawa, kuma ba su ke riƙe da gwamnati ba. Inda kuwa bikin yini ɗaya ne da falafel da kyamarar masu ba da tallafi, gara a ba ɗaliban kuɗin su biya haya.

A Berlin ba a rufe makarantar ba. Ɗaliban da ke da 'yan'uwa a Gaza da waɗanda ke da 'yan'uwa a soja sun ci gaba da zama bibbiyu a gaban takarda ɗaya, wasu ba sa ko gaisawa in an fito. A Agustan 2024 ƙungiyar makaɗan West-Eastern Divan ta yi rangadin cika shekara 25, Barenboim yana jagoranta a zaune, hannunsa da ƙyar yake ɗagawa. A Fabrairun 2025 ya sanar cewa yana fama da cutar Parkinson, ya ce a cikin duk abin da ya rage masa, tabbatar da ɗorewar wannan ƙungiya ne nauyi mafi girma a kansa. Said ya rasu tun Satumbar 2003. A Gaza kuma, malaman kwalejin da ke ɗauke da sunansa, bayan gininsu ya lalace, sun koma koyar da yara ud da goge a cikin tantuna.